Hukuncin da Aka Yanke a Ƙetaren Rafi

Shekarar da mahaifinmu ya rasu ita ce shekarar da rafin bayan garinmu ya sauya hanya. Ni ne babba, don haka gandu ya faɗo a kaina: mahaifiyarmu, matata da 'ya'ya uku, ƙanena da tasa matar. Gona ɗaya ce take ciyar da mu duka, wadda tsohonmu ya sare daji ya yi da hannunsa tun ban san kaina ba. Baƙar ƙasa ce mai riƙe ruwa, dawa tana yi a cikinta har mutum ya ji kunyar maƙwabta. Sauran abin da muke da shi 'yar jigawa ce da muke zuba auduga, ba ta isa a dogara da ita ba.

Wannan abu ya faru da sauran shekaru masu yawa Nasara su shigo ƙasar nan. Garinmu yana bin Maska, Maska tana bin Katsina. Da ka tsallaka rafi ka shiga ƙasar Zazzau. Ba wani babban ruwa ba ne, da rani akuya tana ƙetare shi ba ta jiƙa ƙafa ba. Mu da mutanen ƙetare kasuwa ɗaya muke ci, muna aurar juna, in an yi rasuwa su zo mana mu je musu. Har na yi gemu ban taɓa jin wani abu ya sauya a jikina don na taka ƙasar Zazzau ba. Abin da na sani kawai shi ne jakadan da ke zuwa musu daban, namu daban.

A ƙarshen daminar nan aka kwana uku ana ruwa. Rafi ya fasa gaɓa daga can sama, ya bar tsohuwar hanyarsa, ya ratso tsakanin gonarmu da gari. Da ruwa ya janye sai muka ga gonarmu ta koma ƙetare. Tsohuwar hanyar ta zama yashi, yashin kuma ya malala ya binne gonar da ke can gaba da tamu. Gonar wani dattijon ƙetare ce, abokin mahaifinmu, wanda tun muna yara muke ce masa Baba. Sau da yawa na gan su shi da tsohonmu suna shan fura a ƙwarya ɗaya a bakin ruwan. A shekarar muka girbe dawarmu muka ƙetaro da ita, ba wanda ya ce mana uffan, don muna cikin zaman makoki.

Da bazara ta zo na ɗauki ƙanena muka tafi sharar gona, sai muka tarar Baba da 'ya'yansa sun riga mu, har sun tara kara sun sa wuta. Na gaishe shi, na ce Allah ya saka da alheri, don na ɗauka taimakon marayu ya zo yi. Ya amsa gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya gaya mini, ba tare da ɗaga murya ba, cewa mai garinsu ya ba ubansa wuri har bakin rafi, rafi ya cinye tasa gonar, don haka duk inda rafin ya tsaya nan iyakarsa take. Ya ce bai zo da niyyar cuta ba, shi ma yana da bakuna a gida.

Ni mutum ne mai saurin hawa, duk garin sun sani, mahaifiyata ma takan ce ban gaji tsohonmu a wannan ba. Na faɗa masa maganganun da har yau in na tuna sai na runtse ido. Ƙanena ya ja ni muka dawo, daga nan ban zame ko'ina ba sai ƙofar alƙali.

Alƙalin garinmu tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya fara mutuwa. A zaurensa yake zama a kan buzu, littattafai cikin gafaka a gefensa, muhuti yana kusa da shi yana taya shi duba mas'ala. A wurinsa na yi ɗan karatun da nake rubuta wannan da shi. Ya saurare ni har na gama huci, sannan ya aika wa Baba. Baba ya aiko da cewa gwiwoyinsa ba za su kai shi gari ba, amma in malam zai fito ya ga gonar da idonsa, zai same shi a can. Alƙali ya ce hakan ma ya fi, gona ba a saninta daga zaure.

Ranar Talata aka ɗora shi a jaki muka fita, da muhuti, da dattawa uku da suka ga lokacin da tsohonmu yake saran dajin. Ruwan sabuwar hanyar bai wuce idon sawu ba, jaki ya taka ya wuce, ba wanda ya tsaya tunanin komai. Rana ta yi zafi, inuwa kuwa babu sai ta tsamiyar da ke tsakiyar gonarmu. Tsamiyar nan alƙali ya san ta tun yana yaro, a ƙasar Katsina ya san ta. Aka shimfiɗa masa buzu a gindinta. Na faɗi nawa, Baba ya faɗi nasa, shaidu suka faɗi abin da suka gani. Alƙali ya sa aka zaga da shi iyakokin, ya dawo ya zauna, ya yi shawara da muhuti. Sannan ya ce ruwa ne ya tashi, ƙasa tana nan inda take, kuma wanda ya raya ta da gatarinsa an san shi, don haka gona ta magadansa ce. Baba ya sunkuyar da kai, ya tattara 'ya'yansa suka tafi.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ruwan shuka na sauka muka shuka kaura, irin da tsohonmu ya zaɓa da kansa ya rataye a rumbu kafin ya kwanta ciwo. Ta tsiro ba gurbi ko ɗaya da ya faɗi. Muka yi noman fari, ina tafe ina yi wa ƙanena ba'a cewa ya fara neman inda za mu gina rumbu na biyu.

Kwana kaɗan bayan haka alƙali ya aiko a kira ni. Na same shi da takarda a hannu yana kai ta kusa da idonsa mai gani. Daga alƙalin ƙetare ta zo, na garin da ƙauyen su Baba yake bi. Takardar gaisuwa ce da girmamawa, sai a ƙarshenta aka yi tambaya ɗaya: an ji malam ya zauna shari'a a ƙetaren ruwa, ana so a san wanda ya naɗa shi a can.

Na yi dariya, na ce ai sai a amsa musu. Shi bai yi dariya ba.

“Na yi kuskure,” in ji shi.

Na ce, “Allah ya gafarta malam, gonar ba tamu ba ce ke nan?”

“Taku ce. Abin da na faɗa daidai ne, ko gobe aka tambaye ni shi zan faɗa. Inda na zauna na faɗe shi, nan ne kuskuren.”

Ya yi mini bayani a hankali, yadda yake yi mana muna gaban allo. Ya ce alƙalanci ba abu ba ne da mutum yake yawo da shi a jikinsa kamar ilimi. Wanda ya naɗa shi ya ba shi ikon yanke hukunci ne a cikin ƙasar da shi mai naɗin yake riƙe da ita, ba zai ba shi abin da shi kansa ba ya da shi ba. Wannan iyaka ita ake kira huruminsa. A cikinta in ya yi magana ta zama hukunci, dole a bi. Da ya fita daga cikinta ya zama malami kawai, maganarsa shawara ce, mai so ya ɗauka. Ya ce in gindin tsamiyar nan har yanzu ƙasar Katsina ce, hukuncinsa yana nan daram. In kuwa ta koma Zazzau tare da ruwan, to wani tsoho ne ya zauna a inuwa ya faɗi ra'ayinsa.

Na tambaye shi wanne ne daga ciki. Ya ce bai sani ba. Na tuna masa cewa shi da bakinsa ya ce ruwa ne ya tashi, ƙasa tana nan. Ya ce wannan tsakanin gona da gona ne, shi aka ba shi ya raba. Tsakanin sarki da sarki kuwa ba a ba shi ba, kuma tun kakanni abin da kowa ya sani iyakar ƙasashen biyu ruwan ne, ba wanda ya taɓa cewa wane ruwa, na jiya ko na yau.

Na ce to ga shi yanzu a zaurensa, a kan buzunsa, ba mai gardamar nan Katsina ce, ya sake faɗin abin da ya faɗa mana. Ya ce ba a yi wa mutum hukunci ba ya nan, Baba kuma ba mutuminsa ba ne, ba shi da ikon sa a kawo shi. Na tambaya ko littafin da ake shari'a da shi a ƙetare daban ne. Ya ce shi ne dai, har ma malamin da ya karantar da shi shi ya karantar da mahaifin alƙalin can. Na ce alƙibla ɗaya, littafi ɗaya, gaskiya kuma ya ce tawa ce, to me ruwan idon sawu ya cire daga cikinta? Ya ce in kowane alƙali zai bi gaskiya duk inda ya hango ta ya yanke, da alƙalin can ma ya ƙetaro ya zauna a ƙofar gidana, kuma ba zan so hakan ba. Na ji maganar ta shiga kunnena, amma ba ta sami wurin zama ba. Ni dawata nake gani tana tasowa.

Na yanke shawarar in kai ƙara can, tunda Baba mutuminsu ne. Mai garinmu ya ji, ya sa aka kira ni. Ya ce in na kai ƙarar gonar nan gaban alƙalin Zazzau, na ba su ƙasar da bakina, gobe su ce ai mai gonar ma ya san inda take. Ya ce in yi haƙuri zai kai magana sama. Na ce ranka ya daɗe, yaushe? Ya ce in Allah ya so. Na san wannan amsa, ni ma ina ba 'ya'yana ita.

Ban ji maganarsa ba. Da asuba na kama hanya, kafin azahar na isa. Alƙalin ƙetare bai kai namu shekaru ba, mutum ne mai jiki, mai fara'a. Ya sa aka kawo mini ruwa da fura, ya tambayi lafiyar malaminmu kamar yana tambayar ubansa. Na zata zan tarar da abokin gaba, sai na rasa wanda zan yi fushi da shi. Ya saurare ni tsaf. Ya ce Baba mutuminsa ne, wannan ba shakka, da rigimar bugu ce ko zagi da yau ya sa an kawo shi. Amma gona ce, kuma bai tabbata tana cikin huruminsa ba. In ya zauna ya yanke, mutanen Katsina za su aiko masa da irin takardar da ya aika, kuma su ne da gaskiya. Ba zai yi abin da ya hana wani ba.

Na ce to namu ya ce wataƙila ba tasa ba ce, shi ma ya ce wataƙila ba tasa ba ce, ta wa ce ke nan? Ya ce sai sarakuna sun aiko an tsayar da iyaka. A shekarun nan kuwa mahara daga arewa ba sa barin kowa ya huta, sarakuna ganuwa suke gyara, ba gonar dawa ce a gabansu ba. Na tambaye shi me za mu yi kafin nan. Ya ce abin da aka saba, a bar abu a hannun da yake riƙe da shi. Na ce wane hannu, na wanda ya share ko na wanda ya shuka? Ya ce in ya amsa wannan ai ya yi shari'ar ke nan. Ya rako ni har bakin zaure yana sa mini albarka.

A hanyar dawowa na zauna a tsohuwar hanyar ruwan, a kan yashi, na rasa a ƙasar wa nake zaune. Mutum biyu masu ilimi, ba wanda ya ci hanci, ba wanda ya ƙaryata ni, kowannensu yana tsoron Allah, kuma tsoron Allahn nasu ne ya bar ni a tsaye. Da ɗaya daga cikinsu azzalumi ne da na san abin da zan faɗa wa mahaifiyata.

Mai garinmu ya ji na je, ya ɗauke kansa daga maganar gaba ɗaya. Damina ta yi tsakiya, sabuwar hanyar ruwan ta haƙe ta yi zurfi, ta cika har ba a ƙetare ta sai da gora. Mun gwada sau biyu, a na biyun ruwa ya kusa tafiya da ƙanena. Su kuwa daga ƙofar gidansu yashi ne kawai za su taka su shiga. Suka yi maimai, suka yi huɗa. Kafin ruwa ya sauka hannun da yake riƙe da gonar ya zama nasu, ba tare da kowa ya yanke hakan ba. Da dawa ta nuna, mai garinsu ya aiko da samari suka zauna a gindin tsamiya da sanduna.

Ƙanena ya ɗauko tasa sandar, ni ma na ɗauko. Mahaifiyarmu ta fito ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, ta ce duk mai fita sai ya tsallake ta. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari, sai ta dubi ƙanena tana magana da ni. Ta ce a gaya wa wancan, ta binne miji bara, ba za ta binne ɗa bana a kan dawa ba. Muka ajiye sanduna. Daga gaɓar wannan gefen na tsaya na kalli ana karya kaurar tsohonmu ana ɗaure ta dami-dami, ina iya gane layin da ni na shuka da wanda ƙanena ya shuka, don nasa kullum a karkace yake.

Audugar jigawa ba ta kai mu ko'ina ba. Kafin a gama kaka mun koma tuwo sau ɗaya a rana. Ƙanena ya zo ya durƙusa ya ce surukansa na wajen Malumfashi sun ce akwai daji a can, zai tafi da matarsa. Ban hana shi ba, ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. Gandun da tsohonmu ya riƙe shekara da shekaru, a hannuna bai yi biyu ba.

Bayan tafiyarsa da 'yan kwanaki, da hantsi, aka yi sallama. Na fito na ga Baba riƙe da igiyar jaki, an ɗora masa dami uku. Ya rame, kuma bai iya haɗa ido da ni ba. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyarmu da yara.

“Zakka na fitar,” in ji shi. “Na duba can, na duba nan, ban ga gidan da ya fi naku bukata ba. Ba don wani abu na kawo ba, ɗana.”

Na san ba izgili ya zo yi ba, shi ya sa na rasa abin yi. In na karɓa a matsayin zakka, na yarda dawar tasa ce. In na ce tawa ce ya kawo mini, zai iya juya jakinsa, ga yara sun leƙo suna kallon zangarniya. Sai wani tunani ya faɗo mini: ga Baba da ƙafarsa a cikin garinmu, a ƙasar Katsina. Na ce ya jira ni, na ruga.

Na tarar da alƙali yana fiƙe alƙalami. Ina haki na gaya masa mutumin yana ƙofar gidana, ya aika a kawo shi yanzu. Ya ce mutumin ya zo, amma gonar ba ta zo ba, tana nan inda ba a san ta wa ce ba. Na ce to damin nan uku fa, suna cikin huruminsa ko ba sa ciki? Ya ce suna ciki. Na ce ya gaya mini, nawa ne ko sadaka ce, in karɓa ko kada in karɓa. Ya ajiye wuƙar ya juyo da idonsa mai gani.

“Akwai abincin da zai kai ku damina a gidanka?”

“Babu, Allah ya gafarta malam.”

“Na wata guda fa?”

“Shi ma babu.”

“To ka cancanci zakka. Wannan kam ina da ikon faɗinsa.”

Na dawo a hankali. Matata ta riga ta kwance dami ɗaya, ina jin sautin turmi tun daga lungu. Baba yana nan tsaye inda na bar shi, rana tana dukansa, jakin ba kaya. Bai tafi ba don al'ada ba ta cika ba: wanda aka ba zakka shi ke yi wa mai gona addu'a, ba a juyawa sai an ji ta. Na tsaya a gabansa na ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Na nemi wata addu'a daban a cikin ɗan karatuna ban samu ba, sai wadda kowa ya sani. Na ce Allah ya karɓa, Allah ya sa wa gonar albarka, Allah ya maimaita masa baɗi.

Ya shafa ya ce amin, ni ma na shafa.